Tsagar da Na Rufe da Fata

Tun da na ajiye aikin gwamnati hannuwana suka rasa abin yi. Mutumin da ya tsufa yana juya takardu a ofis, ranar da aka ce ya je gida ya huta sai ya tarar hutun ma sana'a ce, kuma ba wanda ya koya masa ita. In na dawo daga masallaci na sha koko da ƙosai, sai in ja kujera baranda a nan gidanmu na Gumbihini a Tamale, in yi ta kallon babura da yalo-yalo masu ƙafa uku suna tsere a titi har rana ta kore ni ciki. 'Ya'ya sun watse, wasu a Akra, wani a Kumasi, sai dai murya a waya. Daga ni sai uwargida a gidan da aka gina don mutum goma.

Wata hantsi tana yankan kuɓewa sai ƙotar wuƙarta ta roba ta rabe biyu a hannunta. Ta yi tsaki ta jefa ta kwandon shara, ta ce in ta shiga kasuwar Aboabo ta sayo wata, ai yanzu a faranti ake zuba su kamar tumatir. Na bi baya na ɗauko. Ƙarfen da sauransa, ba abin da ya same shi. Na ce mata zan yi masa sabuwar ƙota ta itace in naɗe da fata, ko ba komai na samu abin da zai hana ni gyangyaɗi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun da ta aure ni ko silifa ba ta taɓa ganin na ɗinke ba. Da gaskiyarta. Ta san kawuna baduku ne, amma ba ta san na yi shekara huɗu a rumfarsa ba, domin ban taɓa gaya mata ba.

Neman fatar kaɗai ya ci mini kwana biyu. Layin da dukawa suke zama a da, yanzu masu sayar da waya ne da caja, kowa da lasifikarsa tana kiran ciniki. Na tambayi wani saurayi inda ake samun jar fata, ya nuna mini shagon da ake sayar da jakunkunan roba masu ƙyalli. Sai can bayan masu gawayi na samu wani dattijo da 'yan fatu a kan buhu, yana sayar wa masu yi wa baƙi takalma. Na ɗauki ɗaya na shinshina, na ja gefenta, na murza a tsakanin yatsu don in ji ko jimar ta kama. Ya zuba mini ido, sannan ya ce wannan hannun ya taɓa zama a rumfa. Na ce masa an daɗe. Warin bagaruwar nan da ke jikin fatar shi ya biyo ni har gida, kuma shi ya buɗe mini abin da na daɗe da rufewa.

A Zongo na tashi, lokacin da Tamale take gari ɗan madaidaici da mutum zai ratsa da ƙafa tsakanin azahar da la'asar. Mahaifina fatauci yake yi na goro, ya rasu a hanya ina ƙarami, sai mahaifiyata ta koma gidan wanta da ni. Shi nake kira Kawu. Abin da na fi tunawa na wancan zamani sauti ne. Kafin gari ya waye sarai, taɓarya ta fara amsa taɓarya daga gida zuwa gida. Sai ƙarar bokitai a hanyar dam, mata Dagomba suna gaisawa, wannan ta ce dasiba, waccan ta ja naa ɗinta har sai sun yi nisa da juna. Ranar Juma'a ganguna su taso daga ƙofar gidan sarki, mu yara mu bar abin da muke yi mu kasa kunne. Yanzu in na farka, abin da nake fara ji janareto ne na mai sayar da ƙanƙara a maƙwabta. Ban ce zamanin da ya fi daɗi ba, domin mun sha wuyar ruwa, mun sha ƙurkunu a ƙafa. Amma a lokacin kowane sauti ka san mai shi.

Aikina na safe shi ne ɗebo ruwa sawu uku, in share rumfa, in daka bagaruwa in Kawu zai gyara fatar da majema ba su gama mata ba. Sai in jiƙa karan dafi don jan rini, in murza zare da kakin zuma. Da hantsi in tafi makarantar boko, da yamma in dawo rumfa. Kawu mutum ne siriri, ba ya yawan magana, in yana ɗinki leɓensa na ƙasa ne kaɗai ke motsi yana salati. Yana yin kube, da gafaka, da laya, da linzami, amma abin da ya yi suna a kai ƙotar wuƙa ce. Mahauta da makiyaya daga nesa suke kawo masa. Yakan ce mini takalmi in ya tsinke mai shi ya yi tafiya ba takalmi, amma wuƙa in ta ci amana, jini ne. Yakan ce kuma fata mayafi ce, duk abin da ka ba ta za ta rufe, saboda haka kai ne za ka ji tsoron Allah, ba ita ba. Ina jin waɗannan maganganu kamar yadda yaro yake jin maganar manya, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Shekara uku ban taɓa wuƙar kowa ba. Kallo kawai nake yi. A fafe guntun itacen marke da ya shekara yana bushewa a rufin rumfa. A sa wutsiyar wuƙar a wuta har ta yi ja, a zura ta cikin itacen ta ci wa kanta gurbi. Sai a ƙona tsinken ƙarfe a huda ramuka biyu a hankali, a sake mayar da shi wuta, a sake hudawa, kafin a kafa ƙusa. Daga nan a jiƙa fata, a ja ta tun tana da laima, a ɗinke da basilla, a ajiye a inuwa kwana uku tana bushewa tana matsewa. Wajen hudar nan Kawu ya fi daɗewa. Ni kuwa a ganina ɓata lokaci ne.

Cikin masu zuwa rumfar akwai wani Bafillace da muke kira Baffa. Rugarsa tana wajen Dungu, wadda a lokacin daji ce, sai kaɗanya da ɗorawa da hanyar shanu. Yawancin garken ba nasa ba ne, na wasu manyan Dagomba ne yake kiwo, nono nasa, da 'yan shanunsa kaɗan a ciki. In ya shigo gari yakan zo da matarsa da 'yarsu, wata siririyar yarinya da ba ta kai ni ba, su zauna a gindin bishiyar da ke gaban layinmu suna sayar da nono da wagashi, wato cuku. Ba ya zuwa hannu rabbana. Ko yaushe da 'yar ƙwarya ta Kawu, kuma in ya gan ni sai ya ce a ƙara wa ɗan Malam ludayi ɗaya, boko yana cin ƙwaƙwalwa; Malam ɗin Kawu ne, haka mutane suke kiransa. Yana da dariya mai fitowa daga ciki, da manyan hannuwa waɗanda in ya riƙe ƙahon bijimi sai bijimin ya tsaya.

Wata rana a farkon damina ya kawo wuƙarsa, doguwa, ta gado daga mahaifinsa, ƙotar ta cinye. Ya ce zai dawo bayan mako guda. Washegari aka aiko wa Kawu da rasuwa a Yendi. Yana ɗaura kaya ya tsaya ya dube ni, ya ɗauko wuƙar Baffa da guntun marke guda ɗaya da ya rage a rufi, ya ajiye a gabana. Ya ce na ga yadda ake yi, in yi, kuma kada in yi sauri. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Kwana biyu ina fafe itacen ina gogewa, na zura wutsiyar ta zauna daram. Ramin farko na huda shi yadda aka koya mini.

Ranar da zan huda na biyu, ranar ce 'yan ƙwallo suka zo daga Kumasi. Tun azahar gari ya ɗauka, abokaina suka biyo ta rumfa suna cewa in ban taso ba ba zan samu ko reshen bishiyar da zan hau ba. Gawayin ya mutu, sai an sake hurawa, sai tsinken ya sake yin ja. Na dubi ƙusar, na dubi itacen, na ce ai bugu biyu ne. Na ɗora ƙusar a kan busasshen marke ba rami, na buga. A bugu na uku na ji ƙas. Tsaga ta tashi daga ƙusar har bakin ƙotar, siririya kamar gashi, amma in ka matsa sai ta buɗe baki.

Ban je ƙwallon ba. Na zauna ina kallon tsagar har aka kira la'asar. Babu wani marke a rufi, kuma ko na samo a wani wuri ɗanye ne, Kawu zai gane da kallo ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai ba duka ba ne, Kawu bai taɓa dukana ba. Fuskarsa nake hangowa in na ce masa aikin farko da ya ba ni na ɓata saboda ƙwallo. Sai na narka ƙaro na gauraya da garin itace, na cusa a tsagar, na ɗaure da zare tam. Da ya bushe na goge. Sannan na zaɓi fata mafi kyau a rumfar, na ja ta da dukan ƙarfina, na yi ɗinkin da ban taɓa yin mai kyansa ba, kafin nan ko bayan nan. Har ado na yi mata da baƙin rini a baki da gindi.

Kawu ya dawo a gajiye. Ya ɗauki wuƙar ya juya, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya sara ta a jikin gungumen da muke aiki a kai. Ba ta motsa ba. Ya ce ya yi. Kalmar ke nan, amma a bakin Kawu ta fi doguwar waƙa. Ya buɗe zabirarsa ya ciro basillarsa ta biyu ya miƙo mini, ya ce daga yau tawa ce. Na karɓa da hannu biyu, na haɗiye maganar tsagar. Da Baffa ya zo, Kawu ya miƙa masa ba tare da ya faɗi wanda ya yi ba, domin a al'adar rumfa duk abin da ya fita sunan maigida yake ɗauka. Baffa ya yaba, ya soke ta a kube, ya ce wannan har jikansa.

Kusan wata biyu ba abin da ya faru, har na fara gaya wa kaina ƙaron ya riƙe. Sai ruwa ya yi ƙarfi, aka yi kwanaki ana marka-marka, rafuka suka cika. Yadda muka ji labarin daga baya, garken yana tsallake wani rafi sai igiyar ƙirgi da ke wuyan wata saniya mai ciki ta sarƙe a saiwar bishiya. Ruwa yana hawa, saniyar tana nutsewa. Baffa ya faɗa ruwan har ƙirji, ya zaro wuƙa ya kama yankan igiyar da ƙarfi. Jiƙaƙƙen ƙirgi ba ya yankuwa da sauƙi. Ya danna da dukan nauyinsa, ƙotar ta dare a cikin tafinsa, ƙarfen ya juyo ya bi ta kan yatsunsa. Jijiyoyin yatsu uku na hannun dama suka tafi. Saniyar ma ba ta fita ba.

Bayan ya fito daga asibiti ya zo rumfa. Ina zaune a gefe ina murza zare. Hannun yana naɗe da farin ƙyalle, rataye a wuyansa, ya rame har idanunsa sun faɗa. Ya yi sallama, ya zauna, ya ciro wani tsumma da hannun hagu ya ajiye a gaban Kawu. Sauran dukawan layin suka bar aikinsu suka matso.

“Malam, ban zo faɗa ba,” in ji shi. “Na kawo ne ka gani da idonka.”

Kawu ya warware tsumman. Ya ɗauki aska ya farke ɗinkin nan nawa, ya ɓare fatar. Itacen ya rabu biyu a hannunsa, ga busasshen ƙaro da garin itace a cikin tsagar, ga zaren da na ɗaure. Duk wanda ya san aikin ya san abin da yake gani: ba tsautsayi ba ne, wani ne ya ga ɓarnar ya rufe. Wani dattijo daga rumfar da ke kusa ya tambaya a hankali, hannun wa ya yi wannan. Kawu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, kallon da bai fi ƙiftawar ido ba, ya mayar da kansa.

“Nawa ne,” ya ce. “Ni na yi. Baffa, na cuce ka. Ka yafe mini don Allah.”

Ina da baki a ranar. Shekaruna sun kai in san abin da ake yi. Da na ce ni ne, da an ce yaro ne, a yi mini faɗa, a ga laifin Kawu kaɗan na sakin aiki ga ɗan koyo irina, magana ta wuce. Amma na sunkuyar da kai na ci gaba da murza zare. Baffa ya dubi Kawu. Daga baya ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yafe. Ya tashi ya tafi, ya bar wuƙar a nan.

Na jira hukunci, bai zo ba. Da yamma Kawu ya rufe rumfa muka tafi gida kamar kullum. Washegari ya ce in share, in ɗebo ruwa, in daka bagaruwa. Basillar da ya ba ni bai karɓe ba, amma bai sake miƙo mini abin da zan ɗinka da ita ba. Bayan 'yan makonni na ji yana gaya wa mahaifiyata a tsakar gida cewa yaron nan hannunsa na biro ne, a bar shi ya bi boko gaba ɗaya. Ta yi murna, tana ganin karamci ne. Labari kuwa ya bi rugage da mahauta cewa Malam ya fara rufe tsaga da fata. Makiyaya suka daina zuwa, mahauta suka koma wani. Mutumin da ake yi wa layi saboda ƙotar wuƙa ya ƙare yana ɗinkin laya da gyaran takalma, kuma ban taɓa jin ya kare kansa a gaban kowa ba.

Baffa ma na ga yadda ta kasance da shi. Hannun ya warke a naɗe, yatsun uku sun lanƙwashe cikin tafi. Ba ya iya tatsa, ba ya iya jefa igiya. Masu shanu suka karɓe garkensu suka ba wani. Shekaru bayan haka, na fara aiki, ina kan keke da farar riga, sai na gan shi a ƙofar wani wurin sayar da katako a Nyanshegu yana gadi, da sanda a hannun hagu. Ya gane ni, ya yi dariyar nan tasa da ta rage rabi, ya ce ɗan Malam an zama manya. Na gaishe shi a tsaitsaye. Daga ranar na canja hanyar zuwa ofis, na riƙa zagaye mai nisa don kada in sake bi ta gabansa. Da Kawu ya kwanta ciwon ajali na zauna a gefensa kwana da kwanaki. Sau ɗaya muka rage mu biyu a ɗakin, ya buɗe ido yana kallona kamar mai jira. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ko zai sha ruwa. Ya ce a'a, ya rufe ido.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune a baranda da wuƙar uwargida. Na yi aikin yadda ya kamata. Na samo busasshen itace wajen wani mai sassaƙa turmi, na hura gawayi, na ƙona tsinke na huda ramuka biyu, na ɗauki yini guda a kan abin da ƙusa za ta yi a bugu uku. Hannuna ya tsufa yanzu, ɗinkin ya fito a karkace, amma abin da ke ƙarƙashinsa lafiya lau ne. Ranar da fatar ta bushe na kai mata kicin. Ta juya ta tana mamaki, ta fara tsokanata cewa ashe da baduku take zaune ba ta sani ba. Sai ta ga fuskata ta ajiye wuƙar. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, ita ce mutum ta farko da ta ji daga bakina. Ba ta ce yarinta ce ba, ba ta ce ya wuce ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce Kawu ya tafi, Baffa ma da wuya yana raye, amma ai ba a binne mutum da zuriyarsa. In tashi in nema.

Na fara da mata masu sayar da wagashi a bakin kasuwa. Ta uku da na tambaya, wata dattijuwa, ta ce ta san gidan mai naɗaɗɗen hannu, ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa tana nan bayan Dungu. Na hau yalo-yalo. Inda na san hanyar shanu da ɗorawa, yanzu katanga ce bayan katanga, da ɗakunan haya na ɗalibai, da shagunan gyaran gashi. Na same ta a wani gini da ba a gama ba, wanda ɗanta yake tsare wa mai shi, an toshe tagogin da kwali. Ta tsufa kamar ni. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Da na ce ni ne yaron rumfar Malam baduku, ta tuna, har ta ce ni ne mai ludayi biyu. Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har ƙwallon.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ba ni nata labarin, ba da ɗaga murya ba. Bayan hannun ya lalace, ita ta riƙa tatsar 'yan shanun da suka rage tun ba ta kai ta riƙe ƙwarya da kyau ba, har aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarta ta koma wankau a gidajen ma'aikata. Mahaifinta ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma in shanu suka wuce ta gaban inda yake gadi sai ya juya musu baya. Ta ce bai taɓa zagin Malam ba. Yakan ce mutumin da ya amsa laifinsa a gaban jama'a ya biya rabi, shi ya sa ya yafe masa tun a rumfar, har ya je jana'izarsa.

Na ce to ni fa, ko za ta yafe mini a madadinsa.

“Alhaji, Baffa ya yafe wa wanda ya roƙe shi,” ta ce. “Kai bai san da kai ba, ta yaya zai yafe maka? Ni kuma ba hannuna aka yanke ba. Abin da ya faɗo a kaina, tatsar da na yi da yunwar da muka sha, wannan nawa ne, na bar maka shi don Allah. Nasa kuwa ba ni da iko da shi. Sai ka kai inda ake kai irinsa.”

Ban yi mata musu ba, domin ba ta faɗi abin da ba haka ba. Na tambaye ta inda aka binne shi, ko zan je in yi masa addu'a. Ta ce ya roƙa a mayar da shi tsohuwar rugarsu, gindin wata kaɗanya kusa da iyayensa, kuma an yi masa hakan. Amma an daɗe da yanka wurin fuloti. Ta fito da ni bakin hanya ta nuna mini da hannu, can gangare, wani gida mai doguwar katanga da shuɗin ƙyaure. Ta ce a lissafinta wajen kusurwar hagu ne, ita dai ba ta zuwa.

Na gangara a hankali. Babu kaɗanya, babu tudun ƙasa, sai siminti da kwata. Na tsaya a kusurwar katangar na cire takalmi, na karanta abin da ya sawwaƙa. Sannan na faɗa da bakina, a fili, cewa ni ne na buga ƙusar, ni na ga tsagar, ni na rufe, ba Malam ba. Ina cikin haka ƙyauren ya buɗe, wata mata 'yar kudu ta leƙo da tsintsiya a hannu. Ta dubi tsoho tsaye ba takalmi yana magana da katangarta, ta yi mini magana da Hausar kasuwa, cikin ladabi.

“Baba, kana neman mutum? Maigida ba ya nan.”

Na ce mata na sani, na gode. Na sa takalmina na kama hanyar titi.